Faifan Asali a Gonar Shinkafa

Ku samarin da kuke zama a bakin titin Kura da kwamfuta a cinya kuna tura wa mutane fim a waya, labari ya iso min cewa kuna yi da mu. Wai mu 'yan zamanin faifai banza muka ci, maɓalli ɗaya muke dannawa kuɗi ya faɗo. Ban ga laifinku ba. A cikinku babu wanda ya taɓa zama awa uku yana lallashin faifan da akuya ta taka. Kuma ni ɗin nan da kuke gani ina fitowa daga injin casar shinkafa fari fat da ƙaiƙayi har cikin gira, kuna ce min Baba Mai Faifai kuna dariya, ba ku san inda sunan ya samo asali ba. To ku gyara zama. Shekara bakwai na yi a sana'ar, kuma ba gajiya ce ta fitar da ni ba.

Ban shige ta da ƙuruciya ba. Manomi ne ni, da mata da 'ya'ya biyu, ina da eka ɗaya a bakin kanal ta wajen Bunkure, gadon mahaifina. Shekarar da tumatir ya yi kwantai, muka jera kwanduna a bakin titin Zariya kwana uku babu mai tayawa, har ruwansa ya riƙa gangarowa kan kwalta, a nan na ce ni da noma sai wata rana. Na shiga Kano wajen wani mai gyaran bidiyo, Malam Sabi'u, siririn mutum mai tabarau ɗaure da zare, wanda bai iya yabo ba ko da wasa. Wata shida na farko bai bar ni na taɓa komai ba sai goge kan bidiyo da auduga da sifirit. In na ce na gama, sai ya ɗaga audugar ya duba ta a hasken ƙofa, ya miƙo min wata sabuwa. A lokacin kaset ake yi. Bidiyo biyu ake haɗawa da waya, ɗaya na karantawa ɗaya na ɗauka, in abu na awa biyu ne to awa biyu za ka zauna kana kallo, kana so ko ba ka so. Akwai bikin wani ɗan kasuwa da na kalla sau goma sha ɗaya, har na haddace daidai inda wata tsohuwa za ta yi tuntuɓe da tabarma.

Ina hannunsa faifai ya shigo, sidi da farko, daga baya dibidi. Ya koya da tsufansa, ni kuma na koya a bayansa. Ranar da zai sallame ni bai ba ni ko sukurdireba ba, magana kawai ya ba ni.

"Ka ga, Ɗanlami, masu yin fim ɗin nan mutane ne, suna da iyali. Kada ka sayar da fim ɗin kowa. Mutum ya zo da faifansa da ya saya a hannu, yi masa guda ɗaya ya ajiye. Ɗaya ya kawo, ɗaya zai karɓa. Wanda ya zo hannu rabbana ya ce a sa masa fim kaza, nuna masa hanyar kasuwa."

Na ce, "Malam, haka doka ta ce?"

Ya ce, "Haka na ce."

Da na tashi buɗe nawa shagon a Kura, a farkon shekarun dubu biyu, babu abin da zan sayi kwamfuta da shi sai gonar nan. Na sayar. Yayana ya yi wata biyu yana amsa gaisuwata da ka, ya ce na musanya ƙasa da akwatin ƙarfe. Gaskiyarsa ce. Daga ranar abincin gidana gaba ɗaya ya koma cikin akwatin nan mai ruwan toka, kuma ban taɓa mantawa da haka ba ko sau ɗaya in na yaye mata mayafi da safe.

Mayafi na ce, don kwamfuta a Kura sai da mayafi. Garin casa ne, ƙaiƙayi a iska yake, yana shiga ko'ina, har cikin shayi. Kwana uku ka bar ta a buɗe, za ka ji fankarta tana kuka kamar tsohon keken ɗinki. Duk Juma'a kafin masallaci sai na kwance bayanta na bi ta da burushin fenti. Tana da aljihu biyu, na sama yana karanta faifai, na ƙasa yana rubutawa a kan emti, wato faifan da ba a sa komai a kai ba. Sai ƙaramin janareta, da wani batir mai nauyin tsiya da ke riƙe wuta minti biyar in an ɗauke. Kafin na sayi batirin nan na kashe emti ba adadi, don in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu to faifan ya mutu, ba ya gaba ba ya baya. Sauran kayan aikin ba za ku yarda ba in na lissafa: makilin fari na goge baki, auduga, tsohuwar atamfar matata da ta sha wanki ta yi laushi, kofin ruwa, da maka baƙa ta rubuta suna.

Aikin da ya fito da sunana na Malam Hudu ne. Tsoho ne manomin shinkafa daga wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, yana ɗingisa ƙafar hagu tun wani hatsarin amalanke, ga son dambe kamar ransa. Ya sayi faifan dambe a Kano da kuɗinsa, ya kalla sau biyu, ya bar shi a kan tabarma ya shiga alwala, akuya ta bi ta kai. Ya shigo min da shi naɗe a cikin hularsa.

"Yaro, an ce kana tayar da matattu."

"Baba, wanda bai gama mutuwa ba dai."

Ga yadda ake yi, ku da kuke cewa maɓalli ɗaya ne. Za ka ɗaga faifan a haske ka karanta ƙarcen tukuna. Wanda ya taso daga tsakiya zuwa baki mai sauƙi ne. Wanda ya bi da'ira shi ne mugu, don hanyar da injin ke bi ya tare. Ka ɗiga makilin kamar ƙwayar gero, ka murza da yatsa daga tsakiya zuwa baki, ba ka taɓa zagayawa. Ka ɗauraye, ka tsane da atamfa, ka bar shi ya sha iska. Sannan ka sa shi a aljihun sama a mafi jinkirin gudu, ka kara kunne. Faifai mai lafiya shuu yake yi, sumul. In ya iso inda ya ji ciwo sai ka ji injin yana ƙwanƙwasa, yana komawa baya yana sake gwadawa. In ya tsaya, ka fito da shi ka sake gogewa, ka koma farko. Na Malam Hudu sau tara na fito da shi. Bayan la'asar faifan ya wuce har ƙarshe, sai wuri ɗaya da hoton ya ɗan daskare daidai lokacin da ɗan damben ya kai hannu. Tsohon ya kalla, ya ce ai gara haka, da ma bugun nan da sauri ya wuce bai gan shi da kyau ba. Ya ɗauki sabon ya sa a aljihun gaba, tsohon kuma ya mayar cikin hula.

Daga nan aiki ya buɗe. Mutanenmu suna sayen faifai na asali, kada wani ya ce muku ba sa saye. Wa'azi, karatun Alƙur'ani, fim ɗin Hausa, na Indiya, dambe, ƙwallo. Matsalar ita ce faifai ba a yi shi don ɗakin da ake tara buhun shinkafa ba. Mako biyu ya fara tsalle, wata ɗaya ya ƙi buɗewa. Ba wanda yake kawo min faifai yana sabo. Sai ya kai gargara ake tuna ni.

Akwai wani Bafulatani, Buba, da rugarsu ke bayan babban kanal. Yana da ƙaramin injin kallo da yake haɗawa da batirin mota, da faifan waƙoƙin Fulatanci guda ɗaya tak da ya sayo a wata kasuwar shanu. Faifan yana ƙamshin hayaƙi da man shanu, ga shatar yatsu ta ko'ina. Na ceto masa shi da ƙyar. Bayan wata biyu ya dawo, kwafin ya lalace, na sake wahala da na asalin. Ya dawo karo na uku, a lokacin na asalin ya tsage daga tsakiya, ko injin bai karɓe shi ba. Ya tsaya a ƙofar shago yana juya shi a hannu ya daɗe, sannan ya ce, "Shi ke nan kenan?" Na ce shi ke nan. Abin ya tsaya min a rai. Daga ranar na canza tsari: duk faifan da na ceto, sai na bar kwafinsa a cikin kwamfuta, na rubuta sunan mai shi da garinsu. In nasa ya sake mutuwa, ya zo da emti, minti goma na fitar masa. Wannan Malam Sabi'u bai koya min ba. Dabarata ce, na yi alfahari da ita, kuma ita ce ta ci ni.

Ba wai ba a jarraba ni ba. Wani direban bas da ke jigila tsakanin Garun Malam da Kano ya taɓa shigowa da sabon fim ya ce na buga masa hamsin zai riƙa sayar wa fasinja, mu raba riba. Na ce ɗaya ka kawo, ɗaya za ka karɓa. Ya fita ya shiga shagon da ke kusa da ni, aka buga masa. Mu uku ne masu faifai a layin, biyun suna da injin da ke fitar da bakwai a lokaci guda, suna sayar wa masu tallar faifai a baro. Liman suke ce min. Suka sayi babura, ni ina nan da kekena. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da na ji haushin kaina.

Sai muguwar shekarar ta zo. Masu shirya fim a birni sun gaji da asara, suka haɗa kai da jami'an da ke kama masu satar fasaha, aka fara bi gari-gari. Maƙwabtan nan nawa biyu suna da mai ba su labari. Tun ana saura kwana biyu suka kwashe injinansu, suka sa kwaɗo a ƙofa, ɗaya ma ya leƙo ya ce, "Liman, ka rufe ka tafi ganin dangi." Na ce wanda ya yi sata shi ke gudu. Na share ƙofar shagona na buɗe kamar kullum.

Da hantsi suka iso, ranar kasuwa, mota biyu. Shugabansu wani jami'i ne mai furfura, mai magana a hankali. Tare da shi akwai wani matashi ɗan fim, dogo, idonsa jawur kamar bai runtsa ba. Suka duba kantata ba su ga fim ko ɗaya na sayarwa ba, sai emti da makilin. Har na fara sakin jiki. Sai ɗan fim ɗin ya ce a kunna kwamfuta. Na kunna da hannuna. Ya zauna ya buɗe, sunaye suka zubo, sun fi ɗari.

"Yallaɓai, zo ka gani. Wannan ai shi ne babbansu. Ga nawa nan ma, guda biyu."

Na ce, "Duba sunan da ke jiki. Na Hajiya Rabi ne mai tuwo, ita ta saya. Kowanne a nan da mai shi."

Ya juyo ya dube ni. "Malam, fim ɗin nan shekara guda na yi ina haɗa shi. Ranar Litinin na sake shi, ranar Laraba na gan shi a baro a bakin asibiti, uku a farashin ɗaya. Yanzu haka motar wani nake ja. Kowa na kama sai ya ce shi ba ya sayarwa. To wa ke sayarwa? Aljanu?"

Na san su wa ke sayarwa, ga ƙofarsu nan da kwaɗo. Kuma ban ji haushinsa ba, ko a lokacin. Aka naɗe wayoyi, aka ɗauki kwamfutar aka sa a bayan mota tare da tarin faifan masu baro. Na bi su da mayafinta na ce a rufa mata saboda ƙura, 'yan kasuwa suna kallo wasu na dariya.

Washegari na same su a ofishinsu a Kano. Jami'in mai furfura ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya ce, "Ka ce kowane fim da ke ciki akwai wanda ya sayi na asalinsa. To je ka kawo min na asalin. Na ba ka mako guda. In na gani da idona zan rubuta a takarda cewa ba ɗan kasuwar sata ba ne, in ga ko za a sake maka kayanka. In ba haka ba tana cikin waɗanda za a lalata."

Na fito da ƙarfina. A raina abu mai sauƙi ne, ai na san gidan kowa. Kafin na bar birni na biya wajen wani lauya da ke da ɗan ofis a saman bene kusa da kotu, na tambaye shi ko mutum yana da ikon kwafar abin da ya saya. Ya ce faifan ka saya, ba fim ɗin da ke ciki ba. Ya ce wanda ya yi wa kansa a ɗakinsa daban, wanda ya buɗe shago yana karɓar ladan yi wa wasu daban, amma kuma abin yana da ja, sai an je gaban alƙali. Da na dawo na tambayi limamin unguwarmu, ya ce abin da mutum ya saya da halalinsa nasa ne, in ya ga dama ya adana shi yadda zai daɗe. Na rasa na wa zan ɗauka, na hau keke na fara bi gida-gida.

Gidan Hajiya Rabi na fara zuwa. Ta ce, "Wane tsohon? Wanda ya mutu? Ai tun da ka yi min sabo na bayar." Na ce wa kika ba? Ta ce Malam Hudu ya aiko a tattara masa. Na je wajen mai shayin tasha, ya ce Malam Hudu. Mai gyaran famfon ban ruwa, Malam Hudu. Na tambayi bangon faifan, wato kwalin da ke da hoton 'yan wasa da tambarin kamfani, nan ma babu. Wasu an fifita wuta da su, wasu an liƙe a bangon ɗaki hayaƙi ya cinye, wata ta ce ta yanke fuskar jarumar ta ba 'yarta. Buba kuwa, da ya kawo min wani faifan daga baya, rugarsu ta tashi, sai shatar bukkoki da kashin shanu. A kwana biyu abin da na samu a gidaje bai wuce faifai goma sha biyu ba.

Rana ta uku na nufi gonar Malam Hudu. Ƙarshen damina ne, shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa kamar madara, daidai lokacin da tsuntsayen jan-baki ke saukowa garke-garke. Tun daga kan gadar kanal na hango gonar tana walƙiya. Ya kafa sanduna ya ja igiyoyi daga wannan kunya zuwa waccan, a jikin kowace igiya faifai ne rataye, an zura zare ta hudar tsakiya, iska na juya su suna haska ido. Duk faifan da na goge da yatsana a shekarun nan, ga su nan suna korar tsuntsu. Na sauka daga keke na tsaya.

Yana zaune a ƙarƙashin 'yar rumfarsa ta kara. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya dubi gonar.

"Ka san ba ni da mai kora. 'Ya'yana mata ne, duk suna gidajensu. Ƙafar nan kuma ka gan ta. Shekara uku ke nan faifan nan su ne 'yan aikina."

"Na sani, Baba. Kwana biyu kawai. Gobe in kai, jibi in dawo da su."

"In ba ka kai ba fa?"

"Za su fasa injin."

Ya jawo sandarsa ya miƙe. "To fara daga can, ni in fara daga nan. Kada ka tsinke min igiya."

Mun kwance tamanin da 'yan kai. Ina kwancewa ina dubawa. Rana da ruwan sama sun cinye rubutun bayansu. Wani ya koma fari sol, wani fatar azurfar ta ɓare ana hango sama ta cikinsa, wani saura rabin fuskar mutum da harafi biyu. Na kwana biyu ina wanke su ɗaya bayan ɗaya da makilin, ina haɗa kowanne da sunan da nake zato, ina rubutawa a takarda ina liƙawa. Kwana biyun da na yi wa tsohon alkawari a nan suka ƙare. Na zuba su a buhun taki na shiga mota.

Na tarar jami'in ya tafi aiki wani gari. Aka ce gobe. Na kwana a shagon Malam Sabi'u, wanda ya buɗe buhun ya duba, ya rufe, ya ce, "Wa ya ce ka ajiye a cikin injin?" Gobe ta zama jibi, jibi ta faɗa Asabar da Lahadi. Na yi tunanin in koma in mayar wa tsohon kayansa in sake dawowa, sai na ji tsoron kada jami'in ya dawo ba na nan a ce wa'adina ya wuce. Na zauna. Wannan zaman ni na zaɓe shi, ba wanda ya tilasta min.

Ranar Litinin ya dawo. Ya yi min adalci iyakar yadda zai iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya sa aka kawo injin kallo da talabijin, ya zauna da kansa yana sa su ɗaya-ɗaya. Injin ya ja, ya yi ƙara, ya tofo. Ya sa wani, ya tofo. Na ce a bar ni in sa a kwamfutata a jinkirin gudu, na san wasu za su tashi. Ya ce kayan shaida ne, ba a taɓawa. A cikin buhu guda, huɗu ne suka buɗe. Ya ɗaga wani fari a haske yana juya shi.

"Malam Ɗanlami, wannan ta yaya zan rubuta cewa na asali ne? Ba suna, ba tambari, ba kwali, ba ya buɗewa. Na masu baro ma in ya shekara a rana haka zai koma."

"Yallaɓai, ka zo Kura ka tambayi mutane."

"Ni a raina na yarda da kai. Ɓarawo ba ya ɗauko buhu irin wannan ya kwana huɗu a bakin ofis. Amma abin da ya buɗe shi zan rubuta. Huɗu."

Na san an gama. Sai na yi masa tambayar da ke cina tun ranar farko. Na ce, "Don Allah, yallaɓai, in da duk sun buɗe fa? Doka ta yarda mutum ya kwafi abin da ya saya, ko ba ta yarda ba?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Wallahi ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Shekarata da yawa a aikin nan, ba a taɓa kawo min wanda ya zo da na asali ba. Kai ne na farko. Da sun buɗe, da ni ma sai na tura sama na tambaya."

Kwamfutar ba ta dawo ba. An haɗa ta da sauran kayan da aka kama aka lalata, ban je kallo ba. Buhun ne kawai ya turo min da ƙafa, ya ce wannan ba kayan shaida ba ne, in tafi da abina. Maƙwabtana biyu sun cire kwaɗonsu a makon, suka ci gaba da aiki.

Ban biya gida ba, daga tasha gonar na wuce, kwana bakwai cif da kwance faifan. Tun daga nesa na ji ƙarar gwangwani. Malam Hudu yana tsakiyar gona, ruwa har ƙauri, sanda a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kaɗa gwangwanin madara da tsakuwa a ciki. In ya ɗingisa gabas tsuntsayen su tashi su sauka yamma. Gefen kanal gaba ɗaya, wajen sulusin gonar, kan shinkafar ya yi fari ya miƙe tsaye, ba nauyi, an tsotse shi. Duk manomi ya san abin da kai a miƙe yake nufi a wannan lokacin. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na tsaya a kan kunyar gona da buhu a kafaɗa na kasa yin sallama.

Shi ya gan ni. Ya tako a hankali har ya iso. Da ya buɗe baki babu murya, kwana bakwai yana ihu ta dishe, sai da na sunkuya na kai kunne.

"Sun ba ka?"

Na girgiza kai.

Ya dubi buhun, ya dubi gonar. Bai ce min na ce kwana biyu ba. Ya sunkuya ya ciro bakin igiya daga cikin ruwa ya miƙo min.

"Riƙe nan," ya ce da raɗa. "Ka ɗaura su kusa-kusa. Saura kwana goma a yanke abin da ya rage."